Jiragen Yaƙin Arleigh Burke: Nagartar Ƙira ce ta Raya Su, ko Rashin Magaji?

Malam Habibu:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina so mu tattauna a kan jiragen yaƙin ruwa na Amurka samfurin Arleigh Burke, wato distiroyan (matsakaitan jiragen yaƙi masu saurin gudu) da sunayensu suka cika labarai tun da rikicin Bahar Maliya ya ɓarke a ƙarshen 2023, lokacin da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari. Na farkonsu, mai lamba DDG-51, ya shiga aiki ranar 4 ga Yulin 1991, an kuma sa masa sunan Admiral Arleigh Burke, wanda ya jagoranci ayarin distiroya a tekun Pasifik lokacin yaƙin duniya na biyu, daga baya ya shugabanci rundunar sojan ruwan ƙasar daga 1955 zuwa 1961. Yau an haura shekara 30, amma har yanzu kamfanoni biyu, Bath Iron Works a jihar Maine da Ingalls a jihar Mississippi, ba su daina ƙera su ba, kuma waɗanda ke aiki sun wuce 70.

An zana jirgin nan ne a shekarun 1980 domin ya kare manyan jiragen dakon jiragen sama daga ruwan makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet. Watanni kaɗan bayan ya shiga aiki Sobiyet ɗin ta rushe, abokin gabar da aka yi shi dominsa ya kau, amma jirgin bai zama tarkace ba. Ya yi farautar 'yan fashin teku, ya harba makamai kan doron ƙasa, ya tare makamai masu cin dogon zango a sararin samaniya. Ra'ayina shi ne wannan tsawon rai shaida ce ta nagartar ƙira. Na san a cikinmu akwai waɗanda ba su yarda ba, kuma ina so in ji hujjarsu.

Injiniya Lawal:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a shiga hukunci, yana da kyau mu san abin da muke magana a kai. Jirgin yana da tsawon kusan mita 154 da faɗin kusan mita 20, nauyinsa kuma ya tashi daga tan 8,300 a zubin farko, wato rukunin farko da aka ƙera, zuwa kusan tan 9,700 a na baya-bayan nan. Injinan tabayin na gas guda huɗu ne ke tuƙa shi, samfurin LM2500 na kamfanin General Electric, waɗanda asalinsu daga injin jirgin sama aka samo su, suna juya farfela biyu, gudunsa kuma yana haura kilomita 55 a awa. Mutanen cikinsa kimanin 300 ne.

Amma zuciyarsa ba injin ba ce, tsarin yaƙi ne da ake kira Aegis. Tsofaffin jirage suna da rada mai juyawa, wadda sai ta zagayo kafin ta sake ganin abin da ta gani. A nan faifai huɗu ne aka manna a jikin ginin jirgin, kowanne yana kallon kusurwarsa, ba sa motsi ko kaɗan, kwamfuta ce ke karkata hasken radar cikin ƙiftawar ido, don haka jirgin yana bin sawun ɗaruruwan abubuwa a lokaci guda. Abu na biyu shi ne yadda ake ajiye makaman. Maimakon hannu mai juyawa da ake loda wa makami ɗaya bayan ɗaya, an haƙa ramuka a tsaye a gaban jirgin da bayansa, kowane rami da makaminsa a ciki a shirye, guda 90 a zubin farko, 96 a na baya. Hikimar da ke nan ita ce ramin bai damu da irin makamin da aka saka masa ba. Ana iya sa na kakkaɓo jirgin sama, ko Tomahawk na kai hari a ƙasa, ko na farautar jirgin ƙarƙashin ruwa, ko na tare makami mai cin dogon zango wanda ba a ma ƙirƙiro shi ba lokacin da aka zana jirgin. Idan ana neman dalili guda da ya sa ƙirar ta daɗe, to a nan yake: ana sauya makami da manhaja ba tare da an yanka ƙarfen jirgin ba.

Nura:

Allah ya ƙara ilimi, Injiniya. Ni ɗalibi ne a wannan fage, kuma ina da tambaya. Na sha karanta cewa an gina saman jirgin da ƙarfe maimakon alminiyam ne saboda abin da ya sami jirgin Birtaniya HMS Sheffield a yaƙin tsibiran Fokland. Yaya gaskiyar wannan magana take?

Injiniya Lawal:

Malam Nura, maganar ta yaɗu amma ba haka take ba. Makamin Exocet na Ajantina ya sami Sheffield ranar 4 ga Mayun 1982, mutum 20 suka mutu, sai dai saman Sheffield ɗin na ƙarfe ne, ba alminiyam ba. Abin da ya cinye shi gobara ce da hayaƙi, bayan bugun ya fasa babban bututun ruwan kashe wuta. Darasin alminiyam ya riga wannan zuwa. A Nuwamban 1975 jirgin Amurka USS Belknap ya yi karo da jirgin dakon jiragen sama USS John F. Kennedy a Bahar Rum, man jirgin sama ya kwararo a kansa, wuta ta tashi, saman jirgin na alminiyam ya narke har ya zube. Ga kuma matsalar tsagewa da alminiyam ke yi idan ya daɗe yana shan jijjigar igiyar ruwa. Fokland ta ƙarfafa ra'ayin da aka riga aka ɗauka ne, haka nan harin da ya sami USS Stark a Tekun Fasha a Mayun 1987, inda Exocet biyu daga jirgin saman Iraƙi suka kashe mutum 37.

Saboda haka masu zanen Burke sun zaɓi ƙarfe duk da nauyinsa, suka faɗaɗa jikin jirgin don ya zauna daram a ruwa mai hauka, suka lulluɓe muhimman ɗakuna da sulken Kevlar, suka sauke ɗakin sarrafa yaƙi zuwa cikin gangar jirgin maimakon sama inda makami ke fara sauka, suka kuma yi tsarin rufe jirgin ruf da tace iska idan an yi amfani da guba ko makamin nukiliya. An karkata bangon ginin ma don ya rage yadda radar abokan gaba ke ganinsa.

Baba Sule:

Na yi shekaru ina aiki a jiragen dakon kaya kafin in ajiye, kuma abin da zan ce muku, 'ya'yana, shi ne ba a sanin jirgi sai ruwa ya shige shi. Don haka ku dubi USS Cole. An ƙera shi a Ingalls, ya shiga aiki a 1996. Ranar 12 ga Oktoban 2000 ya tsaya shan mai a tashar Aden ta Yaman, sai wani ƙaramin kwale-kwale ɗauke da mutum biyu da abubuwan fashewa ya matso gefensa na hagu. Masu gadi sun ɗauka ɗaya ne daga cikin ƙananan jiragen da ke hidima a tashar. Fashewar ta huda rami mai faɗin kusan mita 12 daidai layin ruwa, kusa da kicin, a lokacin da ma'aikata ke layin abincin rana. Mutum 17 suka mutu, fiye da 30 suka jikkata.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin inji ya san abin da rami irin wannan ke nufi. Ruwa ya cika ɗaya daga cikin manyan ɗakunan inji, yana neman ƙetarawa zuwa na kusa da shi, wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa, ga zafin Aden, ga gawarwakin abokan aiki a maƙale cikin ƙarfen da ya lanƙwashe. Kwana da kwanaki mutanen nan suna tokare bango da katako, suna toshe kafofi, suna janye ruwa da famfo, inda famfo ya gaza kuma da bokiti. Jirgin bai nitse ba. Daga baya wani katafaren jirgin dako mai suna Blue Marlin, wanda ke nutsar da bayansa cikin ruwa ya ɗauki wani jirgin sannan ya taso, ya goya shi har Mississippi. An yi gyara na kimanin wata 14 a kan kuɗi kusan dala miliyan 250, ya koma hannun runduna a Afrilun 2002, kuma a Oktoban 2024 yana cikin jirage biyu da suka harba makaman tare hari lokacin da Iran ta kai wa Isra'ila farmaki. Jirgin da aka huda haka ya kuma ƙara shekara 20 da ɗoriya yana aiki, ni ban ga abin da za a ce game da ƙirarsa ba sai yabo. Sai dai ina roƙon ku kada ku ba ƙarfe ladan da ya kamata a ba mutane. Bangon da ke raba ɗakuna yana saya maka lokaci ne kawai, horon ma'aikata shi ke amfani da lokacin.

Hajiya Binta:

Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba. Amma tambayar Malam Habibu ba wai ko jirgin yana da kyau ba ce, tambayar ita ce me ya sa har yanzu ake ƙera shi, kuma amsar tana cikin takardun kasafin kuɗi. Rundunar ba ta yi niyyar ci gaba da shi ba. An tsara cewa za a tsaya a jirgi na 62, mai lamba DDG-112, a koma sabon samfuri mai suna Zumwalt, wanda aka so a ƙera guda 32. Kuɗi ya yi ta hauhawa, adadi ya yi ta raguwa, har a 2008 rundunar ta nemi a dakatar da shirin, a ƙarshe guda uku kacal aka yi, bayan an kashe fiye da dala biliyan 22 idan an haɗa da kuɗin bincike. Manyan bindigoginsa biyu ma ba su taɓa samun harsashi ba, domin da aka rage yawan jiragen sai kuɗin harsashi ɗaya ya kai kusan dala 800,000, aka soke sayensa a 2016. Babban jirgin da aka tsara ya gaji samfurin Ticonderoga, wato jiragen Aegis da suka riga Burke, shi ma an soke shi a 2010. Ƙananan jiragen yaƙin gaɓar teku da aka zuba wa kuɗi, wasunsu an yi musu ritaya ba su cika shekara goma ba.

To da duk waɗannan suka faɗi, ina za a koma? Sai aka sake buɗe layin Burke, jirgin farko na wannan komawa, USS John Finn, ya shiga aiki a 2017. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ban ce uwar ɗakin ba ta da kirki ba, amma kada mu kira dole zaɓi.

Malam Habibu:

Hajiya, hujjarki tana da nauyi, amma ina ganin tana iya juyowa ta goyi bayana. Da ƙirar ba ta da sararin karɓar sabon abu, da ko an so komawa gare ta ba zai yiwu ba. Ki duba yadda ta yi ta canzawa. Jirage 28 na farko ba su da ɗakin ajiye helikwafta, fili ne kawai na sauka da shan mai, wanda babban rashi ne ga jirgin da ake so ya yi farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Daga USS Oscar Austin, wanda ya shiga aiki a 2000, aka ƙara ɗakuna biyu na helikwafta, aka ɗaga faifan radar na baya, jirgin ya ɗauka. Aka zo aka koya wa Aegis tare makamai masu cin dogon zango, har daga 2014 aka girke huɗu daga cikinsu a tashar Rota ta Sifaniya domin wannan aiki, jirgin ya ɗauka. Kuma ba Amurkawa kaɗai suka ga amfaninsa ba. Japan ta gina samfurin Kongo a kan wannan tsari tun farkon shekarun 1990, Koriya ta Kudu ta gina Sejong wanda ya fi shi girma har yana da ramuka 128. Waɗannan ƙasashe ba wanda ya tilasta musu.

Injiniya Lawal:

A nan zan rabu da kai kaɗan, Malam, domin sararin da kake magana a kai ya ƙare, kuma zubi na uku shi ne shaida. Na farkonsa, USS Jack H. Lucas, ya shiga aiki a Oktoban 2023 da sabuwar rada mai suna SPY-6, wadda ta fi tsohuwar gani nesa ba kusa ba. Amma rada mai ƙarfi tana shan wuta, abin da ya sha wuta kuma yana fitar da zafi. Dole aka cire janareto uku masu megawat 3 kowanne aka sa masu megawat 4, aka ɗaga ƙarfin layin wutar, aka ƙara girman na'urorin sanyaya, aka ƙara kaurin ƙarfen ƙasan jirgin don nauyin da aka ɗora a sama kada ya sa shi tangaɗi. Duk da haka, faifan radar da aka iya ɗorawa mai faɗin kusan mita 4.3 ne, alhali binciken rundunar da kanta ya nuna ta fi son mai kusan mita 6. Ginin jirgin ne ba zai ɗauka ba.

Abin ya yi kama da gidan gado da ake ta ƙara wa ɗakuna da na'urori alhali filin bai ƙaru ba: za a iya canza waya, a canza mita, amma wata rana sai an rasa inda za a kafa ko bulo ɗaya. Kowane jirgi ana zana shi da rarar nauyi da rarar wuta da rarar wuri domin abin da zai zo nan gaba, kuma Burke ya cinye nasa. Makaman leza da ake fatan su rage tsadar kakkaɓo jirage marasa matuƙi suna buƙatar wuta mai yawa a lokaci guda. An ɗora wani mai kilowat 60 a kan USS Preble don gwaji, amma wanda zai iya narkar da makami mai linzami yana buƙatar ninkin wannan sau da yawa, kuma a tsarin Burke injinan tuƙi daban suke da na lantarki, ba za ka iya karkatar da ƙarfin farfela zuwa makami ba. Abin lura shi ne Zumwalt da ya gaza yana da wannan damar, domin duk ƙarfinsa lantarki ne ake rabawa. Don haka a ganina ku biyun kuna da gaskiya a zamani daban-daban: har wajen 2010 nagarta ce ta riƙe jirgin, daga nan zuwa yau rashin magaji ne.

Malam Idi:

Ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, amma akwai gefen da ba na so a tsallake. Muna magana a kan mita da megawat kamar injin niƙa muke yabawa, alhali wannan makami ne, kuma yawancin inda ya yi aiki ƙasashen Musulmi ne: Iraƙi, Libiya, Siriya, Yaman. A Afrilun 2017 jirage biyu na wannan samfuri, USS Porter da USS Ross, sun harba Tomahawk 59 kan sansanin Shayrat na Siriya daga Bahar Rum. Kowa yana da ra'ayinsa game da dacewar wannan hari da waninsa, ni ma ina da nawa, amma abin da nake so a lura da shi shi ne irin wannan jirgi yana sauƙaƙa wa shugaba yanke shawarar kai hari, domin babu matuƙin da zai rasa, babu sojan da zai taka ƙasa. Sauƙin nan ba alheri ba ne a kowane lokaci.

Kuma Aegis da ake yabo yana da tarihin da ya kamata a ambata. Ranar 3 ga Yulin 1988 USS Vincennes, wanda ba Burke ba ne amma tsarin yaƙinsu ɗaya, ya harbo jirgin fasinja na Iran a kan Tekun Fasha, mutum 290 suka hallaka, cikinsu da yara da yawa. Bayanan na'urar sun nuna jirgin yana hawa sama ne, amma mutanen ɗakin sarrafa yaƙi suka ba da rahoton yana saukowa kamar mai kai hari. Duk wanda zai yi maganar nagartar wannan tsari ya haɗa da wannan rana a lissafinsa.

Baba Sule:

Malam Idi, ka yi gaskiya, kuma maganarka ta ƙarshe ta kawo ni kan abin da ya fi damuna. A 2017 jirage biyu na wannan samfuri sun yi karo da jiragen kasuwa cikin wata biyu da 'yan kwanaki. USS Fitzgerald ya haɗu da jirgin kwantena ACX Crystal kusa da Japan ranar 17 ga Yuni, mutum 7 suka mutu a ɗakin kwanansu da ruwa ya cika. USS John S. McCain ya haɗu da jirgin dakon mai Alnic MC kusa da Singafo ranar 21 ga Agusta, mutum 10 suka mutu. Ku haɗa, 17 ke nan, daidai adadin da harin Aden ya kashe, ba tare da abokin gaba ya harba ko harsashi ɗaya ba. Jirgin da ke iya ganin makami a sararin samaniya ya kasa kauce wa jirgin kaya mai tafiyar hawainiya da fitilunsa a kunne.

Bincike ya nuna ma'aikatan sun gaji, aiki ya yi musu yawa, an yi ta ɗage horo saboda jiragen ba sa samun hutu, har fiye da kashi ɗaya cikin uku na takardun shaidar ƙwarewa na jiragen da ke Japan wa'adinsu ya ƙare. An sauke kwamandan runduna ta bakwai, wadda ke da mazauni a Japan, saboda haka. A kan McCain kuwa har da laifin ƙira, domin an mayar da sarrafa sitiyari da maƙura, wato abin ƙara gudu da rage shi, kan allon taɓawa, aka yi ƙoƙarin raba aikin tsakanin mutum biyu, sitiyari ya koma wani tebur ba tare da sun sani ba, farfela ɗaya ta rage gudu ɗaya ba ta rage ba, jirgin ya karkata ya shiga gaban tankar. Bayan haka rundunar ta yanke shawarar mayar da maƙura ta hannu. Duk wanda ya tuƙa jirgi a mashigi mai cunkoso irin na Singafo zai gaya muku cewa hannu yana buƙatar abin da zai kama ya ji inda yake ko a cikin duhu. Su ma waɗannan jirage biyu ba su nitse ba, an gyara su sun koma aiki, amma iyalan mutum 17 ba su ga amfanin wannan ba.

Nura:

Baba, wannan bayani ya ratsa ni. Ina so in koma kan Bahar Maliya da Malam Habibu ya fara da ita. Shin abin da ya faru a can bai nuna cewa jirgin yana yin aikin da aka yi shi dominsa ba? Na ga cewa ranar 19 ga Oktoban 2023 USS Carney ya shafe sa'o'i yana kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi na 'yan Husi, kuma duk tsawon rikicin ba a ji an sami ko ɗaya daga cikin distiroyan nan da makami ba.

Hajiya Binta:

Ƙanena, ya yi aikinsa, babu shakka, kuma a tuna cewa Carney na zubin farko ne, ya shiga aiki tun 1996. A Afrilun 2024 ma shi da Arleigh Burke kansa, wato kakan samfurin, suka tare makamai masu cin dogon zango na Iran. Amma ka dubi lissafin. Makamin tare hari na SM-2 ɗaya yana cin kusan dala miliyan 2, SM-6 kuma kusan miliyan 4, ana harba su kan jirgi mara matuƙi wanda kuɗinsa bai wuce dubban daloli ba. Masu kare wannan lissafi suna cewa a kwatanta kuɗin makamin da darajar abin da ya kare, wato jirgin dala biliyan 2 da rayuka 300, kuma wannan magana ce mai ma'ana. Sai dai ba ta warware matsalar masana'anta ba, domin abin da aka harba cikin watanni yana ɗaukar shekaru kafin a maye gurbinsa. Sannan duk da wannan kariya, manyan kamfanonin sufuri sun kauce wa mashigin Suez sun koma zagaye ta Afirka ta Kudu, an kuma nutsar da jiragen kasuwa, an kashe ma'aikatansu. Jirgin ya kare kansa da na kusa da shi, amma bai buɗe hanyar ba.

Injiniya Lawal:

In ƙara a kan maganar Hajiya, akwai raunin da ke cikin ramukan da na yaba a farko. Ba a iya sake loda su a tsakiyar teku. Makamin yana zuwa ne cikin dogon akwati mai nauyi, sai an ɗaga shi da kuren an saita shi daidai bakin ramin, wanda ba ya yiwuwa idan jirgi yana rawa a kan igiyar ruwa. Jiragen farko suna da ƙaramin kuren da aka naɗe a gurbin ramuka uku a gaba da uku a baya, shi ya sa suke da 90 maimakon 96, amma aka ga ba ya aiki yadda ake so, aka cire. Saboda haka jirgin da makamansa suka ƙare dole ya bar fagen ya nemi tasha mai aminci, tafiyar da kan ci kwanaki ko makonni. A Oktoban 2024 an gwada wata na'urar lodi a teku a kan USS Chosin, gwajin ya yi nasara, amma daga gwaji zuwa aiki akwai tazara. A Janairun 2024 ma wani makami ya matso USS Gravely har sai da bindigar Phalanx, wadda ita ce kariyar ƙarshe, ta harbo shi a tazarar da ba ta fi kilomita biyu ba. Idan haka ta faru da 'yan Husi, sai a yi tunanin abin da zai faru da ƙasar da ke iya harba ɗaruruwa a lokaci guda. Sin tana ƙera samfurin 055 mai ramuka 112 da nauyin da ya haura tan 12,000, sabon jiki ne da rararsa ba a taɓa ba.

Malam Habibu:

Na karɓi rabon zamani da Injiniya ya yi, sai dai zan matsar da iyakar gaba da 2010, domin jiragen da aka ƙera a shekarun 1990 su ne suka ɗauki nauyin faɗan 2023 da 2024, kuma sun ɗauka ne saboda an iya sabunta kwamfutocinsu da makamansu. Inda na yarda da Hajiya ba tare da ja ba shi ne batun tsawaita wa'adi. An zana jiragen farko su yi shekara 35, amma an ƙara wa Arleigh Burke wa'adi zuwa 2031, lokacin da zai cika 40, sannan a Oktoban 2024 aka sanar da ƙarin wa'adi ga wasu 12 na zubin farko. Wannan ba don sun fi sababbi ba ne, don babu isassun sababbin ne.

Hajiya Binta:

Kuma magajin da ake magana, wanda aka sa wa suna DDG(X), an tsara cewa ba za a fara sayensa ba sai a shekarun 2030. Abin da aka bayyana game da shi shi ne zai ɗauki radar SPY-6 da Aegis na zubi na uku kamar yadda suke, a zuba su cikin sabon jiki mafi girma mai tsarin lantarki na bai ɗaya. Wato an koyi darasin Zumwalt, ba za a sake cusa sababbin fasahohi da yawa a jirgi ɗaya a lokaci guda ba. Abin da nake jira in gani shi ne farashi, domin idan kowanne zai ci ninkin kuɗin Burke, majalisar dokokin Amurka, wadda ke da 'yan majalisa daga Maine da Mississippi masu kare ayyukan yi a mazaɓunsu, za ta ci gaba da sayen abin da ta saba saya. Jirgin da aka ba da kwangilarsa a wannan shekaru goma zai kai shekarun 2060 yana aiki.

Injiniya Lawal:

Hakan na nufin injiniyoyin da za su riƙa gyara shi a lokacin ba a haife su ba tukuna, kuma za su gaji jikin da aka zana kafin intanet ta shiga gidaje. Malam Nura, tunda kai ne ɗalibi a cikinmu, idan kana son bin wannan batu, kada ka tsaya a kan adadin makamai da ake bugawa a labarai. Ka riƙa duba megawat nawa jirgi ke samarwa, nawa ya rage bayan an kunna rada, da tan nawa aka bari domin ƙari. Waɗannan alƙaluma uku su za su gaya maka ko DDG(X) zai yi shekara 40 ko kuwa zai tsaya a guda uku.

Nura:

Na gode, Injiniya, zan bi su. Baba Sule, idan ka sami lokaci ina roƙon ka yi mana bayani dalla-dalla a kan yadda ake tokare bangon ɗaki idan ruwa ya cika na kusa da shi, da yadda ake yanke shawarar rufe ƙofa alhali ana zaton akwai sauran mutane a ciki, domin wannan shi ne abin da ma'aikatan Fitzgerald suka fuskanta a daren nan.